A Shagon Hermelinda

Da kuɗin wata bakwai a cikin safa na iso Paracho,
ruwa yana dukan kwano,
titi duk ƙanshin gam da garin katako.

Doña Hermelinda ba ta tambayi abin da na riƙo ba.
Hannuna ta kama, ta juya shi
kamar mai sayen kifi,
ta latsa kantar da ke bakin yatsuna.
"Ina kake kiɗa?"
Na ce, "Cikin bas. Uruapan zuwa Zamora, in dawo."

Jitoci na rataye ta wuya, kowace da irin ƙugunta.
Ga ƙarama can, mai siririyar murya,
ta masu tsayuwa ƙarƙashin taga da tsakar dare.
Ga uwar tumbi, wadda sai an rungume ta kamar buhun masara,
in ta yi magana gilashi ya amsa.
Mai tsirkiya goma sha biyu kuwa,
tsohuwar ta ce, "Rabin ranka zai tafi wajen saita ta,
sauran rabin kana zargin ba ta saitu ba."

Sai idona ya faɗa kan wata ja,
fuskarta itacen sida, tsirkiyarta nailan.
Na ɗora ta a cinya, na taɓa sau ɗaya.
Sautin ya fito a hankali,
kamar mahaifiyata tana hura wuta da asuba
ba ta son ta tashe mu.
Yaron shago, Eleuterio, ya ajiye zartonsa.
Ni ma na manta da safata.

"Wannan ta ɗaki ce," in ji tsohuwar,
"ɗaki mai ƙofa a rufe.
Inji zai haɗiye ta kafin ku wuce gidan mai.
Kujera ta uku ma ba za ta ji ka ba."

Ta sauko da wata fara, mai faɗin kafaɗa,
tsirkiyar ƙarfe, murya kamar ta mai tallan lemo.
Na kaɗa, kare ya yi haushi a ƙetaren titi.
Ba na son ta.
Amma wanda ke kujerar baya
shi ne ya fi saurin sa hannu a aljihu,
kuma Amparito tana bukatar takalmin makaranta.

Na ƙirga kuɗin a kan teburin aikinta, wasu da danshi.
Ta mayar mini da peso hamsin na mota.
Ja ɗin kuma ta cire ta daga jere,
ta kai ta ƙusa ta can ciki, bayan labule.
"Ban yi alkawari ba," ta ce.
"Itace dai ba ya gaggawa."

Ƙarfe biyar na shiga bas ɗin Zamora,
na kafa ƙafa tsakanin kwandon avokado da wata mai goyo.
Direba ya hango ni ta madubi,
ya miƙa hannu,
ya rage rediyo.