Shuɗiyar Wuta

Ranar da ɗaukar adashi ta faɗo kaina
na ƙulle kuɗin a bakin zane,
na ce yau za a raba gardamar murhu a gidan nan.

Mu tara ne a Gangare, ban da mai shigowa.
Tukunyata ba ta shayi ba ce.
Tuwo sai an tuƙa shi da ƙarfin kafaɗa,
ganda tana so a manta da ita a kan wuta,
wake kuwa, waken garin Jos,
sai ya ga ƙarshen haƙurinki kafin ya nuna.

Risho na fara sallama.
Shekara shida ina gyara masa lagwani,
yana saka mini da baƙin gindin tukunya
da shinkafa mai warin kananzir.

Na lantarki fa? Ilu ya yi dariya har da tari.
Ya ce, ki ɗora sanwa da hantsi,
su ɗauke wuta kafin ruwa ya yi ɗumi,
mu ci abincin rana jibi.

Inna Tabawa tana kan tabarma tana jin mu.
Ta ce, itace. Duwatsu uku.
Miyar da ba ta sha hayaƙi ba
ruwan zafi ce da gishiri.
Tana faɗa tana goge ido da gefen mayafi,
idon da shekara arba'in na hura ɗanyen itace
suka bar shi yana zuba ko ranar suna.
Ban tanka ba.
Ita ta fara ɗora hannuna a kan muciya.

A Taminus, Obinna ya murɗa kan murhu,
wuta ta tashi shuɗiya, shiru, kamar mai jin kunya.
Ya ce, Madam, ɗauki mai kai huɗu, har da gidan gashi.
Na ƙwanƙwasa ƙarfen da farce: gwangwani.
Wannan tuƙi ɗaya zai sha ya durƙusa.
Ba ni wancan mai kai biyu,
mummunan, mai kaurin ƙafa.
Na sa ya shafa ruwan sabulu a bakin tiyo,
na tsaya ina jiran kumfa ta tona asiri,
don na ga rufin kicin ɗin Lantana a Dilimi
bayan abin da ya faru.

Sai dai gas ba ya sallama in zai tafi.
Yakan zaɓi tsakiyar talge,
baƙi a zaure, ƙarfe tara na dare.
Saboda haka canjin da ya rage
na kai wa Sallau mai walda a Katako,
ya yanka mini kurfoti daga tsohon wilin mota.
Ngo Kangyang ta auna mini gawayi rabin buhu,
ta rantse na ƙirya ne, ba ya tartsatsi.
Ya yi tartsatsi.
Amma gandar ta yi laushi har mara haƙori ya ci.

Inna ta yi sati uku ba ta taka kicin ba.
Silinda, bam take kiranta.
Tana cin tuwo tana cewa, to, yunwa ba ta zaɓe.

Sai wata asuba a watan Agusta,
ruwa kwana uku bai ɗauke ba,
itacenta ya jiƙe sharkaf a bayan ɗaki,
sanyi yana shiga har ɓargo.
Na ji ƙyas, ƙyas, ƙarar ashana.
Na ɗaga labule kaɗan.
Ga ta tsaye nesa da murhun, hannu a miƙe
kamar mai ba baƙon kare ƙanzo,
ruwan alwala a ƙaramar tukunya
bisa shuɗiyar wuta.
Bakinta yana motsi,
ban sani ba ko addu'a ce ko zagi.
Idonta a bushe.

Na koma na kwanta.
Da gari ya waye ta kira ni gefe,
ta ce gas ɗin nan yana saurin ƙarewa,
in riƙa sa ido a kan yara.