Kwaɗo a Jikin Firiji

Ranar Talata wayar ta shigo,
tara saura kwata, ruwan Dundee na tsiyaya a jikin taga.
Muryar tsohuwa ce, Ishbel, ta hawa na uku:
"Ni ba na gulma, 'yar nan,
amma yau kwana tara ban ji tarin Fergus ta bango ba,
sai takun wani, mai nauyi, in dare ya raba."

Na rubuta. Aikinmu ke nan, mu fara rubutawa.
Suna, shekara tamanin da biyu, lambar ɗaki,
wa ya gani, wa ya ji, wa ke zato.
Takardar na da gurbin komai
ban da rawar da muryarta ta yi.

Muka hau benen, ni da Euan,
matakala na warin soyayyen kifi da jiƙaƙƙen kare.
Shi ya buɗe da kansa,
maɓallan rigar sanyinsa sun saɓa ramukansu.
Tsohon mai waldar jiragen ruwa,
tafin hannu kamar faranti,
amma zoben aure na yawo a yatsa.

Ya ce, shayi? Na ce, shayi.
Ba don ƙishi ba.
Wanda ya bi ka kicin ya ga abin da falo ya rufa.
Can na ga kwaɗon,
ɗan mitsitsi, ruwan tagulla, maƙale a jikin firiji.
"Na Lachlan ne, ɗan ƙanwata. Wai ina barin shi a buɗe."
Katin fansho fa? "Yana ajiye mini."
Wannan shatin a wuyan hannu? "Ƙofa ce."
Ƙofa mai yatsu biyar.

Doka ta ba ni damar shiga, da zama, da tambaya,
ba ta ba ni damar saɓa mutum kamar buhu ba.
Na gwada hankalinsa, kunya na cin fuskata.
Ya faɗi rana, ya faɗi wata,
ya jero jiragen da ya ɗinke wa ciki, ɗaya bayan ɗaya,
sannan ya ɗago:
"Lafiyata ƙalau, yarinya.
Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
In kun kore shi, wa zai ƙara ce mini kawu?"

Ban da amsa. Euan ya dubi takalminsa.

Ranar Alhamis muka zauna, mu bakwai,
nas, ɗan sanda, matar ofishin gidaje,
da farantin biskit da ba wanda ya taɓa.
Aka yanke: a kai abinci kullum da rana,
nas ta leƙa Litinin da Juma'a,
a nemi yardarsa kafin a tuntuɓi banki.
Kalmar "ya ƙi" ta fito sau huɗu a rahoto.
Na sa hannu a ƙasa,
na tuƙa mota gida ban kunna rediyo ba.

Amma kafin mu sauko ran nan
na tura katina cikin gwangwanin sukari,
inda na san Lachlan, mai shan giya, ba ya leƙawa.

Mako biyar. Ganye ya zube a bakin kogin Tay.
Na ziyarci wasu ƙofofi goma sha tara,
wasu suka buɗe, wasu suka yi mini Allah wadai ta ramin wasiƙa.
Sai wata safiya, saƙo a wayar ofis,
numfashi mai tsawo, sannan shi:

"Fergus Rennie ne, mai shayi.
Ina da zarto a ƙarƙashin gado tun zamanin aiki.
Na san yadda ake yanka ƙarfe, ba sai an koya mini ba.
So nake dai wani ya tsaya kusa
in ina yankawa."

Na ɗauki lema. Na manta jakata a kan tebur.