Asabar a Ɗakin Ƙasa, Leipzig

Ruwan Nuwamba na dukan tagar shagona,
jirgin titi ya wuce, kofunan shayi suka yi rawa a kan kanta.
Torben ya shigo rungume da kwali
kamar mai ɗauke da jinjiri,
ya ce, "Ku matsa. Shekaranjiya ta fito."

Sintesaiza ce, sabuwa fil,
baƙa, siririya, ba ta kai nauyin burodi biyu ba,
da fitilu ƙanana masu ƙyalli kamar idon mage.
Kuɗin hayar wata uku ya zuba,
kuma har yanzu bai faɗa a gida ba.

Wiebke, wadda ta shekara sha tara tana haɗa sauti
a gidajen rawa na bakin kogi,
ta danna da yatsa ɗaya, ta taɓe baki.
"Miya ba gishiri.
Tsabtar ta yi yawa, sai ka ce ɗakin tiyata.
Ta da, in ka kunna, sai ta yi tari,
ta yi miƙa, jikinta ya ɗau ɗumi,
kana ta yi maka magana."

Ilkay, ɗan shekara ashirin da biyu, ya tuntsure da dariya.
"Ta da ce ta kunyata ki a gaban mutum ɗari huɗu,
ta saki murya kamar akuyar da aka taka wa wutsiya.
Kin ga sabuwar miksar nan mai layi sha shida?
Inda kika bar kowace murya jiya,
nan za ki same ta gobe."
Ta ce, "Abin da ke tuna mini komai,
wata rana ni zai manta."

Ni dai ina gefe da dalma da ƙarfen liƙi,
hayaƙi na shiga mini ido.
Na ga sababbi da yawa sun tsufa a teburin nan.
Kowacce an zage ta ran suna,
an yi mata kuka ran da aka daina ƙera ta.

Da musu ya ƙi ƙarewa
na jawo tsohuwar daga ƙarƙashin benci,
mai gefen katako, mai tabon taba a maɓalli na biyar,
na jera su, na ce kowa ya dubi bango.
An ce gani ya kori ji;
yau ji zai rama.

Na danna. Na bari ya mutu. Na sake dannawa.

"Ta biyu!" in ji Wiebke. "Ji ɗumi! Ji rai!
Wannan gurnanin na ƙasa ba a sayensa."
Ilkay ya rantse ta farko ce sabuwa,
ya ji ƙyallinta har cikin haƙora.
Torben ya yi shiru, yana lissafin haya.

Sau biyun duk sabuwa na danna.
Tsohuwar ko a wuta ban sa ta ba.
Gurnanin nan da ba a saye,
firijina ne ya tashi a bayan labule.

Ban yi dariya sosai ba.
Kunnena na hagu ya daɗe da daina jin kukan tsuntsaye,
ban taɓa gaya musu ba,
su kuwa ni suke tambaya wacce ta fi.

Wiebke ta jawo kujera, ta cire safar hannu,
ta murɗa nan, ta sassauta can,
har sautin ya yi kauri, ya cika ɗakin kamar tururin wanka.
Ba ta ce ta yarda ba.
Cewa ta yi, "Ara mini ita zuwa Talata."

Can sai ƙwan! ƙwan! ƙwan! daga bene:
tsohuwa Kuschel da sandar tsintsiyarta.
Shekara talatin ke nan tana ba da ra'ayinta
a kan kowace na'ura da ta shigo gidan nan,
kuma bai taɓa canzawa ba.