Larabar Bayan Girbi

Akwai wani rami a kan Kaka Baidu,
bayan kunnen hagu, inda gashi ya ƙi tsirowa.
Muna yara yakan bar mu mu sa yatsa ciki,
ya ce, "Nan 'yan Tudu suka sa hannu."

Kasuwar Laraba ce, bayan an ɗaure gero,
albasa ta hau jakuna daga fadamar Rima,
aljihu ya yi nauyi, kai ya yi zafi.
Tun da damina ake shafa wa gora man shanu,
a rataye ta inda hayaƙin murhu ke bi.

Me ya haɗa Tudu da Gangare?
Wasu sun ce jaki ne ya ci albasar wani.
Inna Ige ta ce ƙarya ne,
makaɗi ne ya wasa ɗan Gangare
a gaban waɗanda suka biya shi.
Liman ya ce rijiya ce, kuma ta daɗe da ƙafewa.

Sai la'asar ta yi sanyi
wani ya shata layi da gindin gora,
ya tsaya yana kallon sama.
Mahauta su naɗe wuƙaƙe cikin buzu,
don ba a sa ƙarfe, wannan kowa ya sani.
Masu nono su sungumi ƙore.
Daga nan sai ƙas! ƙas!
kamar mata ɗari na sussuka.

Yau ga Baidu ga Nahantsi a tabarma ɗaya,
wanda ya yi ramin da wanda ya ɗauke shi,
suna raba goro da farce.
"Mu munka kore ku har bakin gulbi."
"Wane ku! Takalminka na nan ɗakina."
Dariya har da tari.

Gorar tana zaure har yanzu,
da ita muke kaɗo mangwaro.

Amma duk shekarun da na yi ina saurare
ban taɓa jin sun ambaci Jabbi ba.
A bakin Tumba na ji sunan, ƙanwarsa,
wadda ke aike in gishirinta ya ƙare ran Laraba.
Ta ce shi daddawa kawai ya je saye.
An kawo shi kan ƙyauren wata rumfa,
ƙullin na hannunsa.

Ta ce da ita suka yi miya a daren,
don babu wata a gidan.