Da Ruwanmu

Ranar Talata famfon Gidan Igwai ya yi tari,
ya tofo ruwa launin jiƙon kanwa.
Muka ce dattin bututu ne, zai kwanta.
Muka tace da ɗankwali, muka dama wa yara kunu.

Kafin Juma'a tabarmi sun cika barandar asibiti,
ledar ƙarin ruwa rataye a ƙusa,
wata a reshen dogonyaro.
Modi ɗan Altine, mai shekara huɗu,
wanda ke gaida kowace akuya a hanya,
bai ga Asabar ba.
Takalminsa na roba na nan gindin randa,
an rasa mai hannun ɗaukewa.

Ruwa ba ya tsami banza.
Malam Jabbi, da ya shekara talatin yana ɗaura bututu
kafin yana ta rufe masa ido guda,
ya bi layin da sanda da hanci
har bayan majema,
inda kwata ta rungume ƙarfen da tsatsa ta huda.
Ya daɗe a tsugune.
Ya ce, "Abin da muka zubar, shi muka sha."

Jarka ta tashi daga hamsin ta koma ɗari biyu.
Ban zagi ɗan ga-ruwa ba,
shi ma a bakin burtsatse aka tsuga masa.
Sai ka ga uwa tana auna alwala da ludayi,
tana zaɓe tsakanin wanki da miya.

Inno Kulu ungozoma ce ta fara bin gidaje.
Ta ce waɗanda ta yanke wa cibiya
ba za ta zauna tana ƙirga kushewarsu ba.
Ni aka ba littafi, don ni ke da rubutu mai kyau:
gida kaza, mutum uku sun kwanta,
gida kaza, biyu, ɗaya bai tashi ba.
Biro biyu na ƙarar.

Hukumar ruwa ta ce, ba ruwanmu, ku je ƙaramar hukuma.
Can ma aka ce, ba ruwanmu, ku ga na lafiya.
Na lafiya suka ce a riƙa tafasawa,
kamar itace kyauta ake rabawa.
A hanyar dawowa, cikin zafin azahar,
Kulu ta tsaya cak, ta gyara mayafi:
"Kowa ya ce ba ruwanai.
To mu kai musu ruwansu."

Gora ɗari biyu da sha huɗu,
kowace da sunan gida manne a wuya.
Muka jera su a matakalar ofis,
rana ta ratsa su, laka na yawo a ciki.
Ba mu yi ihu ba. Zama muka yi.
Masu ɗinki, masu awara, ladan da ɗalibai,
har 'yan ga-ruwa sun jingine kurarsu.

Da darakta ya fito,
Kulu ta tsiyaya masa a kofin silba.
"Baƙo aka ba ruwa, ranka ya daɗe.
Yau baƙi sun zo da nasu. Bisimilla."
Ya dubi kofin. Kofin ya dube shi.
Altine ba ta ce komai ba,
gorarta kawai ta matsar gaba.

Mako bakwai kafin a sauya bututun,
rabi ma mu muka haƙa.
Yanzu farashin jarka na rubuce a bangon masallaci,
duk Litinin Jabbi da 'yan mata biyu na gwada ruwan.
Mabera na jira har yanzu,
jibi za mu kai musu littafin.

Makullin famfo na hannun Altine.
Da asuba takan buɗe, ta tara tafin hannu,
ta shinshina,
ta sake shinshinawa,
sannan ta ce wa yara su matso.