Magaryar Bakin Jigawa

Arewa da Tangaza, inda rairayi ya cinye hanya,
akwai wata magarya, ba ta kai kafaɗar raƙumi ba.
Ba wanda ya dasa ta,
ba wanda ya taɓa zuba mata ko moɗa guda.

Ƙayarta biyu-biyu take:
ɗaya miƙe kamar allura,
ɗaya lanƙwashe kamar ƙugiya.
Ta fari ta ce tsaya,
ta biyu ta ce ina za ka?

Shekarar da rijiyar Ɗangwaggo ta ƙafe,
gero ya kai gwiwa ya ƙone,
ita ko sai ta yi 'ya'ya jajaye.
Awaki na miƙewa da ƙafa biyu,
mu muna bayansu da ƙoƙo,
muna tsotsa har dasashi ya yi tsami.

Riguna uku ta yage mini.
Na zage ta, na jefe ta da hoge.

Ran da Baba Nomau ya cika,
ni aka aika in tsinko ganyenta
a zuba a ruwan wanka.
Na sa hannu a hankali, ina lallashi.
Ba ta raga mini ba.
Na komo gida da jini a yatsa,
hulata cike da ganye.