Tsinken Tsintsiya

Tsinke biyu aka aiko mana daga Dosso,
tsinken tsintsiya, a cikin ambulan,
wani direban albasa ya kawo har ƙofar gida.
Dogon na Mika ne, gajeren na Zilfa.
Awon ƙafarsu ke nan.

Na kai su Tsohuwar Kasuwa cikin jakata,
ina zura su a takalma ɗaya bayan ɗaya.
Mai rumfa ya ce, "Ina ɗiyan?"
Na ce suna hanya.
Damina biyu ke nan da na faɗi haka.

Filibus ya kafa gado mai hawa biyu
a ɗakin da muke jibge buhunan gero.
Ya shafa shuɗin fenti, zafin Sakkwato ya cinye rabinsa.
In ya dawo daga Kalambaina da ƙurar siminti a gira
ba ya tambayata kome.
Fuskata yake dubawa,
sai ya wuce randa ya ɗebi ruwa.

Takardu kuwa mun tara kamar masu shari'ar gona.
Wannan da Turanci, waccan da Faransanci,
wata tana jiran hatimi,
mai hatimin yana jiran wata.
Alƙalin da ya san zancenmu an ɗauke shi zuwa wani gari,
wanda ya gaje shi ya ce hoton yaran ya tsufa.
Gaskiyarsa.
Zilfa ta yi famfara ba na nan.
Ban san wanda ya gargaɗe ta
kada ta buɗe wa ƙadangare baki ba.

Sau biyu muka je.
Kware, Gwadabawa, Illela, sai shingen iyaka,
sai kuɗi ya canja launi a hannunmu.
Ran da za mu taho, Mika ya damƙe bakin zanena,
mai kula da su ta ɓamɓare yatsunsa
ɗaya, ɗaya, ɗaya,
tana yi masa magana da harshen da ban iya ba.
Har muka iso Ƙonni ban gyara ɗaurin zanen ba.

Yanzu in Inna Gambi ta idar da sallar magariba
sai in kai kujerata gindin darbejiyarta
tana koya mini Zabarmanci.
Na iya "ruwa". Na iya "zo nan".
Na iya "ɗana", amma shi a ɗaki nake faɗa, fanka na ji.
Ta ce bakina ya yi tauri kamar na tsohuwar akuya,
ta kuma ce tana saka su a addu'arta.

Ran Lahadi matan zumunta suna kiran sunayensu a coci,
har masu kuskuren sunan sun gyara.
Wata ta ja ni gefe: "Dorkas, marayu sun ƙare a nan ne?"
Ba su ƙare ba.
Amma waɗannan ne suka yi barci a cinyata.

Ya Yesu, ban roƙi teku ya tsage ba.
Biro nake roƙo,
da hannun da zai riƙe shi bai gaji ba,
da ranar aiki wadda ba a ɗauke wuta ba.

Jiya direban albasa ya sake sallama.
Wata ambulan, wasu tsinkaye,
kowanne ya ɗara na bara da gaɓar yatsa.
Na jera su huɗu a kan tabarma,
na daɗe ina kallon abin da ya wuce ni.

Tsofaffin takalman, da ledarsu,
jikokin Inna Gambi na ba.
Da safe na koma rumfar nan.
Ya karɓi tsinken, ya gwada, bai ɗago kai ba.
"Har yau suna hanya?"
Na ce, "Awo."
Sai ya mayar da wanda ya yi daidai,
ya miƙo mini na gaba da shi.